RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: Bayani a kan ƙwayoyin ƙarfin maza

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam da rauni, ya kuma sanar da shi hanyoyin neman lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya saba shiga manyan kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Hausa ya san wani irin ciniki da mai tallansa ke yi da lasifika, mai sayensa kuwa da raɗa. Mai kaya ya baza kwalabe da ƙunshe-ƙunshe a kan tabarma ko a bayan mota, yana ta kirari. Mai bukata ba ya tsayawa a sa'an nan. Sai ya wuce kamar bai ji ba, ya bari sai almuru, ko ya aiki yaro da 'yar takarda, ko ya sunkuya wajen mai kemis ya faɗi kalma biyu, ya miƙa kuɗi, ya jefa abin a aljihun 'yar ciki. Ba ya tambaya, ba a kuwa tambayarsa. Ga shi dattijo ne wanda in zai sayi turmin atamfa sai ya warware ya duba, in zai sayi buhun gero sai ya tura hannu har ƙasa. Amma abin da zai haɗiya ya shiga jininsa, shi ne ya ke karɓa ido rufe.

Abin da ya jawo haka kunya ce. Kunya kuwa ado ce ga mutum a zaure da kasuwa, amma a gaban likita ta kan zama sanadin halaka. Ƙwayoyin da likitoci ke rubutawa sabo da raunin mazakuta magani ne na gaskiya, sun kuma gyara gidaje da yawa. Haɗarinsu mafi girma yana cikin abin da mai shansu ya ɓoye: wace cuta ya ke da ita, wane magani ya ke sha, kuma ina ya samo ƙwayar.

FASALI NA FARKO: Cuta ce kamar sauran cututtuka

Malaman fiƙihu ba su ɗauki wannan al'amari abin rufewa ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaure tun suna samari, an yi maganar mijin da ya kasa kusantar matarsa alhali gaɓarsa lafiya ta ke a ido. Hukuncinsa a ba shi ajalin shekara guda. In ya sami sauƙi, shi ke nan. In bai samu ba, matar tana da zaɓi. Muhtasar na Halilu ma ya kawo shi cikin aibobin da ke sa zaɓi a aure. Masu sharhi sun ce hikimar shekara ita ce lokutanta duka su zagayo a kansa, zafi da sanyi, damina da rani, ya kuma sami sararin yin magani. Watau dai shari'a ta lissafa shi cikin cututtuka, ta kuma nuna cewa matar tana da haƙƙi a cikinsa.

Abin yana da yawa fiye da yadda a ke zato. Wani bincike da aka yi a jihar Masacuset ta Amurka, aka buga shi a 1994, ya nuna cewa maza 52 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani abu na wannan rauni, ko kaɗan ko mai yawa.

Mutane su kan jingina shi ga basir, ko sanyi, ko sammu. Amma ga mafi yawan dattawa, tushensa yana cikin hanyoyin jini. Ciwon sukari da hawan jini da yawan kitse a jini da shan taba da teɓa, duk suna ƙuntata hanyoyin nan, su taurara su. Wajen rabin mazan da ke da ciwon sukari su kan gamu da shi. Damuwa ma tana kawo shi: bashi, karyewar jari, rashin jituwa a gida, da tsoron kada abin da ya faru jiya ya sake faruwa yau. Hakanan waɗansu magungunan hawan jini da na damuwa suna rage ƙarfi. Wanda ya zargi maganinsa ya koma wurin likita a sauya masa, kada ya yar da shi da kansa.

Ga kuma abin lura babba. Hanyoyin jinin da ke zuwa ga mazakuta sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Siririyar hanya ita ke fara toshewa. Don haka rauni ya kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Hayaƙi ne aka hango daga gefen rumbu. Wanda ya tafi asibiti, za a auna jininsa da sukarinsa, a tari wutar tun ba ta kama ba. Wanda ya sayi ƙwaya a ɓoye ya kore hayaƙin ne kawai, ya bar garwashin.

FASALI NA BIYU: Asalin ƙwayar da yadda ta ke aiki

Ba domin mazakuta aka fara haɗa ta ba. A 1989 masanan kamfanin Pfizer, a garin Sanwic na ƙasar Ingila, suka haɗa wani sinadari mai suna sildenafil, da niyyar maganin ciwon ƙirji irin na masu ciwon zuciya. Da aka gwada shi bai yi abin kirki ga ƙirjin ba, sai dai mazan da aka ba shi suka riƙa ba da labarin wani abu dabam. A watan Maris na 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi da sunan Viagra. A 2003 ta yarda da waɗansu biyu, watau Levitra da Cialis, wanda sinadarinsa shi ne tadalafil. Yau kamfanoni da yawa suna yin su da sunaye iri-iri, amma sunan sinadarin yana rubuce a jikin kwali, kuma shi ne abin dubawa.

Mai lambu a fadama zai fi kowa saurin gane aikinta. A ƙaddara zuciya ita ce injin ban ruwa, jini shi ne ruwa, hanyoyin jini su ne magudanai. Idan sha'awa ta motsa, jiki ya kan saki wani sinadari da a ke kira naitirik okisaid, wanda ke sassauta bangon magudanan, su buɗe, jini ya cika wurin. Turawa uku da suka gano aikin wannan sinadari an ba su kyautar Nobel a 1998. To, akwai kuma wani sinadari mai suna PDE5 wanda aikinsa kamar na mai tsaron madatsa ne, shi ke mai da hanya ta rufe. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta riƙe hannun wannan mai tsaro na 'yan sa'o'i.

Daga nan za a fahimci abubuwa uku. Na ɗaya, ba ta haifar da sha'awa; in babu sha'awa, ba abin da za ta yi. Na biyu, ba ta warkar da tushen cutar, ba ta ƙara maniyyi, ba ta maganin rashin haihuwa, ba ta kuma kare mutum daga cututtukan da a ke ɗauka ta saduwa. Na uku, shi ne mafi muhimmanci, ba ta san mazakuta kaɗai ba. Magudanan jiki duka ta ke sassautawa, jini ya ɗan sauka. Shi ya sa mai shanta ya kan ji ciwon kai, da ɗumin fuska, da toshewar hanci, da ƙwannafi. Shaidar cewa maganin hanyoyin jini ce ita ce tun 2005 a ke ba da sildenafil ɗin nan, da sunan Revatio, ga masu hawan jini na huhu, maza da mata.

FASALI NA UKU: Haɗuwar da ke kisa

Akwai dangin magani da a ke ba masu ciwon ƙirji, sunansu naitiret. Daga cikinsu akwai 'yar ƙaramar ƙwayar da a ke sawa ƙarƙashin harshe, da wanda a ke fesawa a baki, da wanda a ke mannawa a fata, waɗanda a kan ga haruffan GTN a jikinsu. Akwai kuma na haɗiya kullum, wanda sunansa a kwali ya fara da isosorbide, kamar Isordil. Aikinsu shi ne su ƙara wa jiki wancan sinadari mai buɗe magudanai. Idan suka gamu da ƙwayar ƙarfin maza a jiki guda, ɗaya yana buɗe madatsa, ɗaya ya ɗaure mai rufewa. Ruwa ya watsu ko'ina, ƙarfinsa ya mutu, ya kasa kai wa ga kwamin da ke nesa. Jini ya faɗi warwas, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa rabonsu. Daga nan sai jiri, sai suma, wani sa'i sai ajali. Likitocin duniya ba su da saɓani a kan wannan: mai shan naitiret ba ya shan waɗannan ƙwayoyi ko kusa.

Mas'ala: falke ne mai shekara sittin, yana da ciwon ƙirji, likita ya ba shi ƙwayar ƙarƙashin harshe. Ya yi amarya, wani amininsa ya damƙa masa shuɗiyar ƙwaya guda cikin sirri. Ya sha. Tsakar dare ƙirji ya riƙe shi, kwalbar da ya saba tana gefen gado. Yaya zai yi?

Jawabi: tun farko bai kamata ya sha ba. Amma tun da ya sha, sai ya dakata da abin da ya ke yi, ya zauna, kada ya taɓa kwalbar nan, a kai shi asibiti nan take. Da isarsa, tun kafin a tambaye shi, ya ce, “Likita, na sha ƙwayar ƙarfin maza da ƙarfe tara na dare, ga kwalinta.” In ba ya iya magana, wanda ya raka shi ya faɗa. Dalili kuwa, naitiret yana cikin abubuwan farko da likita ke ɗaukowa ga mai ciwon ƙirji. In an yi masa shiru, sai ya cuci majiyyacinsa da hannunsa bai sani ba. Ƙa'idarsu ita ce ba a ba da naitiret sai bayan awa 24 daga shan sildenafil, awa 48 kuwa daga shan tadalafil. In sun sani, suna da waɗansu magunguna da za su ba shi.

FASALI NA HUƊU: Abin da ya wajaba likita ya ji

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tattara duk magungunan da ya ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya zuba a jaka ya kai gaban likita. Sa'an nan ya faɗi waɗannan in suna tare da shi:

Bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin wata shida da suka wuce. Irin wannan ba a ba shi sai an sake duba shi, domin saduwa kanta aiki ce ga zuciya. Awon da likitoci ke yi mai sauƙi ne: mutumin da zai iya hawa bene hawa biyu da sauri ba tare da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ba, galibi zuciyarsa za ta ɗauka. Wanda ba zai iya ba, zuciyar za a fara dubawa.

Jinin da ya sauka ƙwarai, ko wanda ya hau ya ƙi sauka.

Wahalar fitsari irin ta dattawa. Akwai wani ƙululu a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, likitoci na kiransa furosteti, wanda ya kan kumbura da tsufa ya matse hanyar fitsari. Magungunansa irin su tamsulosin da dokzazosin su ma suna saukar da jini. A kan iya haɗa su da ƙwayar, amma da ƙaramin awo kuma da tazara, bisa tsarin likita. Wani sa'i ma likita ya kan ba da tadalafil miligiram 5 kullum ya ɗauki larurar biyu gaba ɗaya, abin da aka yarda da shi a Amurka tun 2011.

Sikila, watau amosanin jini. Wannan ya shafi ƙasar nan ƙwarai, gama babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita a duniya. Bayaninsa na nan tafe.

Ciwon ƙoda ko na hanta, domin su ke fitar da magani daga jiki. In sun yi rauni sai ya taru.

Magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, musamman ritonabir, da waɗansu na kashe ƙwayoyin cuta kamar eritromaisin da ketokonazol. Waɗannan suna hana hanta narkar da ƙwayar, har awo kaɗan ya yi aikin mai yawa. Mai shan ritonabir ba ya wuce miligiram 25 na sildenafil cikin awa 48.

Ciwon ido na gado mai sa dundumi, ko taɓa rasa gani farat ɗaya a ido guda.

FASALI NA BIYAR: Ƙa'idar sha

Sildenafil yana zuwa da awo uku: miligiram 25 da 50 da 100. Galibi a kan fara da 50, amma wanda ya wuce shekara 65, ko mai raunin ƙoda ko hanta, da 25 a kan fara masa. A kan sha shi kamar awa guda kafin bukata, aikinsa ya kan kai wajen awa 4. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shi. Wanda ya cika cikinsa da tuwo da man shanu, ya bi da tsire, sa'an nan ya sha, zai iya jira ya ga shiru, ya ce ba ta aiki, ya ƙara ta biyu. Nan ne kuskure ke shigowa.

Tadalafil kuwa awonsa 10 ko 20, abinci bai dame shi ba, kuma ya kan zauna a jiki yana aiki har awa 36. Ya kan sa waɗansu ciwon baya da na tsoka. Akwai ƙaraminsa na 2.5 ko 5 da a ke sha kullum. Mai shan wannan ba ya ƙara wani a kansa.

Ba a sha fiye da sau ɗaya cikin awa 24. Ba a haɗa iri biyu. Ƙara awo fiye da abin da aka rubuta ba ya ƙara ƙarfi, illa kawai ya ke ƙarawa. Barasa tana rage aikin ƙwayar, tana kuma taimaka mata wajen kā da jini. Wanda ya wuni cikin rana ko cikin ƙishirwa ya sha ruwa isasshe tukuna, kuma in zai tashi daga kwance ya tashi sannu.

Biyu cikin uku na masu shanta, ko fiye, su kan ga amfaninta, amma ga masu tsohon ciwon sukari adadin bai kai haka ba. Likitoci ba su yanke cewa ta gaza sai an gwada sau shida zuwa takwas a ranaku dabam-dabam bisa ƙa'ida. In ta gaza, akwai waɗansu hanyoyi a wurin likitocin mafitsara a manyan asibitoci. Kuma barin taba, da rage teɓa, da tafiya a ƙasa kullum, da tsare sukari da hawan jini, su ne ke gyara magudanan kansu.

FASALI NA SHIDA: Alamu huɗu da ba su jiran safiya

Ta farko, ciwon ƙirji ko suma, kamar yadda ya gabata.

Ta biyu, gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, galibi da zafi. Jahili ya kan ɗauka ƙarfin magani ne, har ya yi alfahari. Alhali jini ne ya maƙale, ya rasa iska, naman wurin ya fara lalacewa. In an je da wuri, likita ya zuƙe jinin ya yi allura, a warke. In an kwana an wuni a kai sabo da kunya, wurin ya kan mutu mutuwar da babu ƙwayar da za ta tashe shi. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, gama wajen ɗaya cikin uku na mazansu su kan gamu da shi ko ba su sha kome ba.

Ta uku, gani ya ɗauke ko ya dushe farat ɗaya. Ganin abubuwa da ɗan shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci sananne ne ga sildenafil, ya kan wuce. Amma ɗaukewar gani dabam ce.

Ta huɗu, ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne ya kama ƙara tare da jiri. Biyun nan na ƙarshe ba su da yawa, amma wanda ya gan su ya bar ƙwayar, ya nemi likita a ranar.

FASALI NA BAKWAI: Kayan kasuwa da algus

Wannan fasali ya fi shafar fatake, masu saye da masu sayarwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Ƙwayoyin ƙarfin maza suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, domin mai sayensu ba ya kai ƙara. Jabun ya kan zo babu sinadarin ko kaɗan, ko da ninkinsa, ko da wani abu dabam.

Ga abin da ya auku a ƙasar Singafo. Cikin watanni biyar na farkon 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitoci, sukarin jininsu ya faɗi ƙasa ƙwarai, alhali ba su da ciwon sukari. Da aka bincika sai aka tarar sun sha jabun ƙwayoyin ƙarfin maza da waɗansu da aka ce na ganye ne, a cikinsu kuwa an cusa maganin ciwon sukari mai ƙarfi. Bakwai suka yi doguwar suma, huɗu suka mutu.

Wani algus ɗin kuma shi ne a niƙa sildenafil ko tadalafil a zuba cikin tsimi ko gahawa ko zuma, a rubuta a jiki cewa tsantsar itatuwa ne. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu a kan zumar da aka samu da waɗannan sinadarai a ɓoye. Irin waɗannan ƙananan fakiti na zuma su kan biyo matafiya cikin tsaraba. Mai ciwon zuciyar da likita ya hana shi ƙwaya sai ya ce bari ya koma ga zuma, tun da ita halitta ce. Ashe abin da ya gudar wa ne ya sha, ba tare da ya san awonsa ba. Duk tsimin da ya yi aiki cikin awa guda, ya bar ciwon kai da toshewar hanci, abin tuhuma ne.

Itatuwan gaskiya ma suna da nasu sharaɗi. Ɓawon da a ke kira ɗan Kamaru yana ɗaga jini, yana sa bugun zuciya da sauri, bai dace da mai hawan jini ba. Baƙin gagai kuwa, masana a Jami'ar Ilori sun gwada shi a kan ɓeraye, suka ga ya ƙara musu kuzari, amma suka ga alamun illa ga maraina da hanta da ƙoda in an daɗe ana ba su.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa lamba ga magungunan da ta yi wa rajista. A duba lambar, da ranar lalacewa, da sunan kamfani. Amma a sani masu jabu ma suna buga lamba. Abin dogara shi ne kantin magani mai rajista, da takardar likita a hannu. Ƙwayar da ta wuni a faranti cikin rana, aka yanko ta ɗaya-ɗaya babu kwali, araha ce wadda ba ta ado. Ga mai sayarwa kuwa, fiƙihu ya riga ya yi magana a kan cinikin abin da ba a san cikinsa ba, da kuma ɓoye aibin kaya. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa kwalba bai san abin da ke ciki ba, ya yi tunanin wa zai ɗauki alhaki in aka wayi gari da makoki.

FASALI NA TAKWAS: Samari, da masu mata fiye da ɗaya

Samari da yawa suna shan ƙwayar ba su da cuta, don burga ko don tsoron daren farko. Ba ta ƙara wa lafiyayye kome, sai dai ta koya wa zuciyarsa cewa ba zai iya ba sai da ita. Waɗansu kuma suna haɗa ta da tiramol don jinkirta zuwan maniyyi. Tiramol maganin zafin ciwo ne mai kama jiki. Yawansa ya kan kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi, daɗewa a kansa kuma yana kashe sha'awar kanta. Saurin zuwan maniyyi larura ce dabam, tana da nata magani da dabaru a wurin likita.

Mai mata biyu ko uku ko huɗu ya kan ji kamar tilas ne kowane dare ya nuna kansa, don kada a ce ya fifita wata. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa adalcin da aka wajabta shi ne na rabon kwana; saduwa ba a wajabta daidaitawa a cikinta ba, sai fa in ya ƙaurace wa ɗaya da gangan don ya cutar da ita. Ba a ɗora wa dattijo ya ninka ƙwaya ya sa ransa a haɗari sabo da abin da ba a nema gare shi ba. Abin da ya fi masa shi ne ya yi wa iyalinsa magana. Mace da ba a gaya mata kome ba ta kan ɗauka an daina sonta, ko kishiya ta yi mata asiri, gida ya rikice a kan abin da tushensa ciwon sukari ne. Wadda ta sani kuwa ta kan yi haƙuri, ta taimaka, kuma ita ce za ta faɗa wa likita gaskiya a daren da maigida ya kasa magana.

KAMMALAWA

Malamin da ɗalibi ya zo masa da wannan kuka, ko aboki ya raɗa masa bayan sallar isha'i, zai yi masa addu'a, hakan kuwa daidai ne. Amma cikon nasiharsa shi ne ya tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini da na sukari, ya ce masa, “Alhaji, tattara magungunanka ka tafi asibiti, ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mini.” Likita ya ji irin wannan magana sau da yawa, kuma amana ce a wuyansa, ba ya fitar da ita. Kunyar minti biyar a ɗakinsa ta fi sauƙi bisa ga abin da ɓoyo ke jawowa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya rufa asirin magidanta, ya zaunar da gidaje lafiya. Amin. Tamat.